Tsohuwa Mai Koko Ya Rasu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu. Ƙanen mahaifin maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun ranar da aka kawo ni gidan nan na Asawase ni ma Baffa nake ce masa. Ya rasu ran Talata bayan azahar, tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba, a farkon shekarar nan ta 1970.

Ba a gama shimfiɗa tabarmi ba sai ga wasu tsofaffin mata biyu daga unguwar Krofrom sun shigo suna haki. Ɗaya tana ɗauke da kwano mai sabulu da turare, ɗaya ta danne farin yadi a hammata. Masu wankan gawar mata ne. Suka yi sallama, suka tsaya gaban Inna, uwar maigidana, wadda ke zaune bakin ƙofa ido jajir.

"Ina ɗakin da aka kwantar da marigayiya?"

Inna ta ɗago kai. "Wace marigayiya?"

"Tsohuwa Mai Koko mana, ta rediyo. An ce mana nan gidan yake."

Sai in yi wa wanda bai san Zongon Kumasi ba bayani. A nan bakuna sun haɗu da yawa, kuma galibin mutane ba su raba "ya" da "ta". Namiji ya zo, mace ma ya zo. Wanda ya kai labari Krofrom cewa ya yi, "Tsohuwa Mai Koko ya rasu," kuma gaskiyarsa ce, namiji ne ya rasu. Da a Kano ne, da wannan "ya" ɗin ta sa an tsaya an tambaya. A nan kuwa babu wanda ta tsaya wa a kunne.

Inna ta ce, "To ai namiji ne. Ƙanen mijina ne. Maza na ciki suna yi masa wanka."

Mai kwanon ta dubi mai yadin. Mai yadin ta jawo turmi ta zauna a kai. Ta ce, "Shekara da shekaru ina faɗa da mijina saboda matar nan! Duk ranar da ya ce tsohuwar ya cika baki, ni ke tare masa, in ce mace ne 'yar'uwata. Ashe gemu gare shi?"

"Har da furfura," in ji Inna.

Wata daga cikin masu makoki ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga ita sai ta kusa da ita. Nan da nan tsakar gida ta ɗauka, mata suna dariya hawaye na zuba, har ladan ya leƙo daga zaure ya yi gyaran murya. Mai kwanon ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanonta ta ce, "Ni dai tsohuwata ya mutu, da gemu ko babu gemu," ta fashe da kuka. Ba su koma ba ranar. Su suka tuƙa mana tuwon baƙi.

Makanikan Suame, abokan aikin maigidana, su kuma da farko ƙin yarda suka yi. Ɗaya ya rantse da idonsa ya ga Baffa ya mutu sau biyu a kan dandamali, sau ɗaya a majigi, washegari kuma ya tarar da shi bakin tasha yana cin wake da shinkafa. Sai da suka ga makara suka cire huluna daga aljihu. Wani Batone, wato mutumin Asante, wanda ya daɗe yana kaɗa wa su Baffa jita, ya zo cikin baƙin zanen makokinsu. Ya cire takalmi a ƙofar zaure, ya sauke zane daga kafaɗa yadda suke yi wa sarakunansu. Bai iya Fatiha ba, amma da aka ɗaga hannu shi ma ya ɗaga nasa.

Ni aji uku na yi a makaranta, rubutuna ma a hankali nake yinsa. Abin da ya sa na zauna da takarda shi ne, aikin Baffa duk iska ta kwashe. Shiri ya ƙare a rediyo, shi ke nan. An naɗe labule an ɗora a mota, shi ke nan. Hoto ɗaya muke da shi, yana sanye da ɗankwali da 'yan kunne, shi ma Inna ta hana a rataye. Kuma ina da 'ya wadda nake so in ta girma ta san wanda ya tsaya mata.

'Yar farina ce, don haka ba zan kama sunanta ba, yarinyar nake ce mata. Ta kai shekara uku da rabi ba ta ce uffan ba. Tana ji sarai. In ka ce ta kawo ludayi ta kawo, in ka faɗa da Tonanci, harshen mutanen Asante, shi ma ta kawo. Amma ko "Mma" ba ta taɓa ce mini ba. Inna ta yanke cewa linzami ne ya riƙe mata harshe daga ƙasa, sai wanzami ya yanka. Ni kuwa ina ƙarama na ga an yi wa ɗiyar maƙwabtanmu. Na ga jinin da aka tara a ƙwarya, na ga makonnin da ta yi ko kunu ba ta iya haɗiya. Duk wanzamin da ya gifta ƙofar gidanmu da zabirarsa sai in jawo yarinyar cikin ɗaki. To, suruka ba ta ja da uwar miji. Maigidana kuwa, da an taso da maganar sai ya tuna akwai motar da ya bari a buɗe a gareji.

Baffa ne ya shiga tsakani. Amma bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Abin da masu sauraro ba su sani ba, Baffa mai i'ina ne, i'ina mai tsanani. In zai ce a ba shi ruwa sai ya rufe ido, ya buga ƙafa a ƙasa, "R-r-r-ru..." har Inna ta ce, "Ku ba shi kafin la'asar ta yi." Amma da zarar ya karkace baki ya zama wani mutum, magana sai ta zubo kamar an buɗe famfo. Ya ba ni labarin yadda ya gano haka. Yana yaro malaminsu na allo ya gaji da dukansa a kan karatu. Wata rana malam ya fita, sai ya haye buzun malam, ya ɗauki muryar malam har da tarinsa, ya biya sura tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Ashe malam na bayan katanga. Ya shigo ya zane shi saboda rashin kunya, da ya gama ya ce, "Gobe ma da muryata za ka biya."

Mahaifinsu bafatake ne na goro, ya so Baffa ya gaje shi. Aka aike shi ƙauye sayen goro, sai ya tarar da 'yan konsat, masu yawo gari gari a babbar mota suna wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa. Ya shiga kallo, ya fito a cikin motarsu. Goron dai har yau bai iso ba. A wancan zamani mata ba su hawa dandamali, maza ke fitowa a mata. Ya ce da budurwa ya fara, da fuska ta yi tauri ya koma matar aure, da ƙugu ya fara ciwo ya zama tsohuwa. "K-ko mace ta g-gaske," in ji shi, "h-haka take yi." Yana wasa da Hausa, da Tonanci, da Turancin kasuwa, wani lokaci duk a numfashi ɗaya, kowane ɓangare na 'yan kallo ya yi dariyarsa a lokacinsa. Daga baya gidan rediyo suka neme shi. Kowane wata yakan hau jirgin ƙasa zuwa Ankara, babban birnin bakin teku, ya yi kwana uku ana ɗaukar murya, ya dawo. Tun daga nan ya bar gemu ya fito, ya ce rediyo ba ta ganinsa. Ran Asabar da la'asar shirin ke fitowa ta akwatin rediyon da ke rataye a zaurenmu, Tsohuwa Mai Koko tana sayar da kokonta tana gyara wa duk unguwa zama.

Majigi ma ya yi. Masu majigin kiwon lafiya suka sa shi manomi mai taurin kai da ya ƙi tafasa ruwan rafi har ciki ya kashe shi. Aka yi ta zagawa da shi ƙauyuka a mota. Bayan nan in ya shiga kasuwa sai mata su yi ta ɗaga murya, "Baba, ka tafasa ruwa yau?" Shi bai so aikin majigi ba. Ya ce babu 'yan kallo, babu mai dariya, babu mai jifa da ɓawon lemo. Ka kwanta ka mutu da kyau, mai na'ura ya ce girgije ya rufe rana, tashi ka sake.

Baffa ba ya ƙirƙirar murya, tsinta yake yi. Da hantsi yakan tafi kasuwar Asawase da goro ɗaya a aljihu, ya zauna kusa da masu ciniki ya juya musu baya. Ya ce in yana kallon mutum ba ya jinsa sosai. Ya dawo gida ya tsaya bayan ɗakin girki yana fuskantar bango yana gwadawa ƙasa ƙasa. Na taɓa tambayarsa me yake nema a maganar mutum. Ya ce ba kalma ba, wurin da mutum ke jan numfashi. Sai ya ɗan ja numfashi ta hanci, ya dafe ƙirji, ya ce, "Wayyo, ina yarinyar? Kun ga yarinyar?" alhali tana goye a bayana. Ni ce sak. Na ji kunya har na rufe fuska da faifai. Daga ranar na fara sauraron mutane irin nasa, har ya zamana in an yi sallama a zaure nakan san mai ita da abin da ya kawo shi.

Tsakaninsa da Inna wasan ƙanen miji da matar wa ne, ba ya ƙarewa. Ita tana ce masa "ɗan konsat", shi yana ce mata "matar Yaya". Ba ta taɓa yarda cewa abin da yake yi sana'a ce ba, amma shirin Asabar ba ya wuce ta. Takan sa kujera ƙarƙashin akwatin tana tsokaci.

"Kai, wannan tsohuwa da fitina take. Ina ka samo ta?"

"A k-kasuwa."

Duk Asawase sun san ba a kasuwa ya samo ta ba. Yadda Tsohuwa ke tsaki sau biyu kafin ta ce a'a, da yadda take cewa "Ni dai ban ce komai ba" bayan ta gama faɗin komai, kowa ya san mai su, ban da mai su. A shekarar farko ta aurena asiri ya tonu. Wata Asabar mai gawayi ta kawo buhu rabinsa gari. Inna ta tare ta a zaure ta wanke ta tas, tun daga gawayinta har tarbiyyar gidansu. Ta gama, ta yi tsaki biyu, ta ce, "Ni dai ban ce komai ba." A daidai lokacin, wallahi ba daƙiƙa tsakani, akwatin da ke saman kanta ya yi tsaki biyu ya ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Mai gawayi ta dubi akwati, ta dubi Inna. Inna ta dubi akwati, ta juyo a hankali. Baffa yana sanɗa zuwa ƙofa, takalmansa a hannu.

Wata uku ba ta yi masa magana ba. Abincinsa na zuwa, amma ko ƙashi babu a miya. Shi kuma ya je Ankara ya sauya Tsohuwa, ya mai da ita mai sanyin hali, kowa ya zo ta ce "Allah Ya yi albarka". Asabar ta farko Inna ta saurara har ƙarshe. Ta biyu ta tashi tun shiri bai ƙare ba. Ta uku ta same shi yana alwala ta tsaya a kansa.

"Me ya sami tsohuwar nan? Ta zama lami kamar miya ba gishiri. Mace mai hankali, mai faɗa wa mutane gaskiya, ka je ka lalata ta. Mayar da ita yadda take."

Da yamma nama ya dawo miyarsa.

To, ana saura kwanaki kaɗan a fara azumin bara, Inna ta ce ta yi magana da wanzami, zai zo ran Alhamis. Ina tankaɗe a lokacin, rariya ta suɓuce mini har gari ya zube. Baffa ya gani. Ya kira yarinyar, ya lakato zuma ya shafa mata a leɓen sama, kusa da hanci. Ta zaro harshe ta lashe tas.

"M-matar Yaya, k-kin gani? H-harshen da aka ɗaure ya k-kai nan?"

"Kai da ba ka iya cewa ruwa ba, kai ne likitan magana?"

"Sh-shi ya sa."

Suka yi ta ja. A ƙarshe Inna ta ce ta ba shi har bayan Babbar Sallah. In lokacin ya yi yarinyar ba ta buɗe baki ta faɗi abin da ke ranta ba, wanzami zai zo, kuma ba ta son jin bakin kowa.

Abu na farko da ya yi shi ne ya hana mu ce mata "yi magana" ko "ce Mma". Ya ce duk wanda aka zuba wa ido ana jira, maƙogwaronsa rufewa yake, shi ya sani. Sai ya jawo dogon bencin tsakar gida ya ce trotro ne, motar haya. Shi ne direba, faifai ne sitiyari, turmi da tukunya da tulu su ne fasinja. Yarinyar ya saɓa mata tsumma a kafaɗa ya tsayar da ita a ƙofar mota. A bakin direba magana ba ta yi masa gardama, yana faɗa da turmi a kan ya matsa, yana zagin masu keke. Amma in lokacin kiran fasinja ya yi sai ya koma muryarsa ta gaske, ya leƙa ta taga ya fara, "K-k-k-k-k..." Ya rufe ido, ya buga ƙafa, sunan unguwar ya ƙi fita. Sai direba ya yi tsaki ya ce yau ma mota ba za ta cika ba, ya kashe inji. Yarinyar ta tsaya tana kallonsa, goshinta a tamke.

Kullum haka, ga azumi a bakinsa. Har na fara cewa a raina tsohon nan wasa kawai yake yi da lokacinmu.

Rana ta tara ko ta goma, ina tsintar shinkafa a bakin ɗaki. Baffa ya leƙa taga ya fara, "K-k-k-k..." Sai na ji an buga benci da tafin hannu, bam bam, wata ƙatuwar murya mai karce irin ta masu kiran fasinja a tasha ta ce, "Krofrom! Krofrom! Saura ɗaya!"

Tiren shinkafa ya kife. Kalmar farko da 'yata ta faɗa a duniya ke nan, Krofrom. Na taso da gudu zan rungume ta. Baffa ya harare ni, harara ɗaya, ya ce da muryar direba, "Madam, in za ki hau ki hau, in ba za ki hau ba ki ba mu hanya."

Na hau. Na zauna tsakanin turmi da tulu ina kuka har muka isa.

Daga nan sai ta ɓalle. Ta yi mai gawayi, ta yi ladan har da toshe kunne, ta yi akuyar maƙwabta, ta yi mata biyu suna faɗa a famfo, ɗaya da Hausa ɗaya da Tonanci. Amma da wasa ya tashi sai ta koma shiru. In na ce, "Za ki ci tuwo?" sai ta gyaɗa kai kawai. Inna ta ce, "Aku ma yana yin wannan. Ni maganarta nake so in ji, ba ta mutane ba. Alkawari na nan." Kuma ba zan ɓoye ba, a cikin raina na san Inna tana da gaskiyarta. Na tambayi Baffa yaushe tata za ta fito. Na so ya ce gobe, ko da ƙarya ce. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sa'an nan ya ce, "B-ban sani ba, 'yata. N-ni tawa g-ga ta nan yadda kika gan ta. Amma b-ban rasa abokan hira ba."

A cikin azumin nan ne gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasar. Rabin lungunmu ya hau manyan motoci, har da makaɗin gangarsu na konsat, abokinsa tun suna samari. Mu an haife mu nan, muka zauna. Baffa kullum sai ya tafi tasha da ɗankwali a aljihu. Maigidana ya bi shi sau ɗaya, shi ya ba ni labari. Ya ce Baffa ya hau kan wani ƙunshin kaya, ya ɗaura ɗankwali a saman gemu, Tsohuwa Mai Koko ta rantse ba za ta shiga mota ba sai an ba tukunyar kokonta kujerar gaba kusa da direba, ita ta zauna a baya. Mutanen da suka kwana biyu a kan kayansu suna kuka suka yi dariya har da riƙe ciki. Amma in ya dawo gida ba ya ko tsokanar Inna. Watan nan ya tsufar da shi.

Ran Talatar da na faɗa, bayan ya yi azahar, suka hau bencinsu. Yarinyar na kiran fasinjan Suame. Ina wanki sai na lura direba ya yi shiru. Ya jingina kai da bango, faifai na hannunsa. Ban tsorata ba, ni da komai ke tsorata ni, don Baffa ya saba. Duk ranar da Inna ta ce ya gyara ƙyauren bayi sai ya faɗi ya mutu, ya buɗe ido ɗaya in ta wuce. Inna ta fito daga ɗaki ta gan shi.

"Tashi, ɗan konsat. Mun ga wannan tun a majigi."

Ta zo ta taɓa kafaɗarsa. Faifai ya faɗi ya gangara. Sai ta kira shi da sunansa na yanka, wanda tun da na zo gidan ban taɓa ji a bakinta ba. Ta kira sau uku. Da maza suka ɗauki makara za su fita, na ji ta a bayana tana cewa ƙasa ƙasa, "Ya Allah, in an zo tambaya a yi masa haƙuri, Ka san bakinsa."

Bayan rasuwarsa yarinyar ta daina har muryoyin. Ba ta ko zuwa kusa da bencin. Na gwada, na ɗauki faifai na zauna na ce ni ce direba. Ta dube ni kawai, ta koma ta zauna a bakin ɗakinsa. Babbar Sallah ta zo, aka yi layya, nama ya ƙare, aka yi sadakar arba'in. Washegari Inna ta kira ni ɗakinta. Ba da faɗa ta yi maganar ba.

"Na ba shi lokacinsa, har na ƙara. Ba zan zuba ido jikata ta girma bebiya ba. Gobe da safe wanzami zai zo."

Ya zo da hantsi, dattijo mai fara'a, ya gaishe mu da rashi, ya shimfiɗa fata a tsakar gida ya jera kayansa a kai. Maigidana tun asuba ya tafi Suame. Inna ta ce in zauna in riƙe ta, uwa ke riƙewa. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi mini aikin gafara. Ba zan iya riƙe ta ba." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ce mata ba zan yi abu ba. Ta dube ni ta ce, "To, ni na riƙe." Ta ɗora yarinyar a cinya ta rungume hannayenta.

Wanzami ya matso ya tsuguna. "Jikalle, buɗe mini baki in gani. Yi aaa."

Yarinyar ta dubi askar da ke kan fata. Ta dubi wanzami.

"Daabi."

A'a ke nan da Tonanci. Wanzami ya tsaya da hannu a sama. Ta ƙara, wannan karon da Hausa, a fili, kalma bayan kalma.

"Ba na so. Mma, ɗauke ni."

Wanzami ya sauke hannunsa. Ya koma da baya ya zauna, ya fara mai da kayansa cikin zabira yana murmushi. "Hajiya, wannan harshen me zan yanka a jikinsa?"

Inna ba ta sake ta ba tukuna. Ta leƙa fuskarta, ta ɗago ta dube ni. "Ke da kika san su duka, muryar wa ce wannan kuma? Wa take kwaikwayo?"

Na rufe ido na sake jin ta a kunnena. Siririya ce, da ɗan dishi kaɗan, tana ɗagawa a ƙarshe. Na bi gidanmu ɗaki ɗaki, na fita lungu, na shiga kasuwa, na je famfo, na je tasha. Ban sami mai ita ba.

"Inna," na ce, "ba ta kowa ba ce."

Inna ta sa gefen mayafi ta goge ido. "Ka ji mini yarinya. Shekara kusan huɗu muna jira, kuma da Tonanci za ta fara yi wa baƙo rashin kunya." Ta buɗe hannayenta.

Kwana arba'in da biyu kacal suka raba Baffa da jin muryarta. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da masu sakin fuska irinsa. Ni kuwa na miƙa hannu na ɗauke ta, tunda ta ce in ɗauke ta.